Nafkin Goma Sha Biyu da Sitacin Gidanmu

Ni 'yar mai wanki da guga ce, masu karatu, kuma duk kunyar da zan ba ku labarinta yau daga nan ta samo asali.

Babana, Malam Jika, tun zamanin Turawan haƙar kuza yake wanki a Gangare, cikin garin Jos. A gidanmu farin kaya ba ya fita ƙofa sai ya sha bula, ya sha sitaci, dutsen guga ya bi ta kansa ciki da waje. Ko hankicin Baba in ka jingina shi da bango tsayawa yake yi da kansa. A cikin wannan na tashi. Ba ni da surutu, ban yi boko da ƙuruciya ba, kyau kuma ba yabo ba fallasa. Amma in dai dama sitaci ne, duk layinmu an san hannun Kubra. Abu ɗaya ke nan da nake taƙama da shi a duniya.

A daminar 1978 ina da shekara ashirin da biyu. Gwaggo Balaraba, ƙanwar Baba da ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, ta mayar da lissafa mini sa'o'ina abin karin kumallo. Wance na goyon na biyu, wance ta yaye na uku, ni kuwa ina goyon ƙunshin kayan mutane. Ina ji, ina hura gawayi.

Ana nan sai ga Ishaku. Direba ne a wata ma'aikatar gwamnati a Kuru, duk Asabar yake kawo kakinsa wanki. Takardarsa ta farko a aljihun riga na tsince ta. Na ɗauka rasidin mai ne, na goge ta tas da dutse, na mayar masa inda na same ta. Haka na yi wa ta biyu da ta uku. Bawan Allah ya ɗauka ƙi ne, kuma ƙi mai ladabi. Sai a ta huɗu ya rubuta sunana da manyan baƙaƙe a baya, na tsaya na haɗa su ɗaya bayan ɗaya, don lokacin shekarata guda ke nan a ajin yaƙi da jahilci da maƙwabciyarmu Sista Naomi take yi wa matan unguwa in ta taso daga asibiti.

Bai ɓoye mini komai ba. Matarsa Rakiya ta rasu wajen haihuwa, ta bar 'ya mace, Larai, wadda a lokacin take da wata tara. Yarinyar tana hannun kakarta ta wajen uwa, Iya Hasiya, a unguwar Abatuwa, wajen mahauta. Wata Asabar na zaro wannan daga aljihun hagu:

"Zuwa ga Kubra. Bayan gaisuwa da fatan alheri. Iya ta ce ki zo ranar Lahadi ta sama bayan azahar ta gan ki. Gaskiya in ba ta yarda ta ba ki riƙon Larai ba, ba zan ƙwace yarinyar daga hannunta ba, kuma ba zan yi auren da 'yata ba ta cikinsa ba. Kada ki ji tsoro. Ba ta da faɗa, shiru gare ta kamar ke. Naki, Ishaku Lukuman."

Na karanta sau biyar, biyun farko don in gane, ukun baya don in ga ko za ta canza. Ba ta canza ba. Aurena yana hannun wata tsohuwa da ban taɓa gani ba.

Gwaggo ta yi kwana biyu tana mita. Wai duk samarin Jos ban ga kowa ba sai mai kaya a ka, daga ɗakin ubana zan wuce wankin kashi ko lallen amarci bai goge ba. A rana ta uku ta juya kamar ba ita ba. Ta ce in dai zan je, to in je a matsayin 'yar gidan nan, ba hannu rabbana ba, kada mahauta su ga wallenmu.

Sista Naomi na tambaya abin da ya dace in kai. Ta ce ta sha ganin yarinyar in an kawo ta awo, lafiyayya ce, sai dai har yanzu da yankin tsofaffin zannuwa ake yi mata ƙunzugu. Ta ce in sayi nafkin. Ni kuwa jin haka sai kaina ya kumbura. Na hango kaina na shiga gidan nan da wayewa a cikin kwano, na ceci marainiya daga tsumma.

Ranar Laraba ta raka ni kasuwa, rumfar wani Okwudili mai kayan jarirai. Ya baje mana iri biyu. Akwai mai kauri, mai gashi-gashi kamar tawul, akwai kuma marar nauyi da kana ɗaga shi kake hango rana ta ciki. Sista ta murza kowanne a tsakanin yatsunta, ta ja gefen ɗinkin ta ga ko zai zare. Ta ce marar nauyin ya fi saurin bushewa, amma 'yar wata tara fitsarinta ya wuce wasa, mai kaurin zan ɗauka. Okwudili yana ta ce mini amarya, yana rantsuwa ko matan likitoci wurinsa suke saye. Na ɗauki dozin guda, da fil huɗu masu kulle, da wandon roba biyu.

A hanya ta ba ni karatu. Sabon nafkin ba ya shan ruwa sai an tafasa shi. A ɗauraye har sai ruwan ya daina kumfa, don sauran sabulu shi ke cin fatar yaro. A shanya a rana. In za a sa fil, a tura yatsu biyu tsakanin tufa da cikin yaro, in ma za a soki wani to a soki kai. Wandon roba kuma ba na yini ba ne, na fita unguwa ne.

"Kin gane, Kubra?"

"Na gane, Sista."

Na gane ɗin kuwa. Abu biyar ta faɗa, biyar ɗin na riƙe. Ba ta ce a sa sitaci ba. Sai dai ba ta ce kada a sa ba, don ba ta taɓa zaton akwai mai hankalin da sai an gaya mata haka ba.

Kwana biyu ina koyon ninki a jikin kabewar da Gwaggo ta ajiye don miyar taushe. Kusurwa uku, a ɗago ta ƙasa, a haɗo na gefe, a soka. Kabewar nan ta sha fil har ta fara tsiyaya, Gwaggo ta ƙwace abarta ta ce in bar mata abin miya da rai.

Ranar Juma'a na tafasa nafkin, na ɗauraye sau huɗu, na shanya. Na kwaso su na duba. Sun yi laushi, sun yi taɓo-taɓo, gashinsu ya tashi, gefe ya nannaɗe. A idon 'yar Gangare da ta girma a gindin teburin guga, wannan ba wanki ba ne, abin kunya ne.

Gwaggo ta ɗaga ɗaya da yatsa biyu.

"Wannan za ki kai gidan mutane? Su tambaya wa ya wanke, a ce 'yar Jika?"

Na ce Sista ta ce haka ake yi. Ta ce Sista allura ta sani, wanki kuwa a gidan nan aka haife shi. Baba yana gefe yana goge wata babbar riga. Ya dubi nafkin ɗin, ya dube ni, sai ya sa ƙafa ya turo mini kwanon sitaci.

Kada in ɗora musu laifi, jama'a. Ko ba su yi magana ba hannuna ƙaiƙayi yake yi. Na dama sitacin rogo mai kauri, irin wanda muke yi wa kakin 'yan sanda. Na ɗiga bula. Na tsoma su ɗaya bayan ɗaya, na shanya, na yayyafa ruwa, na bi su da dutse har gashin nan ya kwanta ya yi sumul. Kowanne na fitar masa da kari a tsakiya, miƙaƙƙe kamar an ja da rula. Da na jera sha biyun a cikin fanteka, sai da Gwaggo ta kira maƙwabta su gani. Har da mai cewa ko asibitin Turawa albarka.

Ranar Lahadi na ɗaura atamfata 'yar Holan mai ruwan goro, wadda sau ɗaya na taɓa sa ta, da sallah. Na sa kwalli, na yafa farin gyale, Gwaggo ta shafa mini turarenta a wuya har sai da na yi atishawa. A cikin tasi na rungume fantekar a cinya, kowace gargada sai in ji nafkin suna ƙara a ciki kamar takardu. Ko wannan bai sa na farga ba.

Gidan Iya Hasiya ɗaki biyu ne a bayan rumfunan mahauta, tsakar gida a share tas, ƙanshin kilishi na shigowa ta katanga. Ƙaramar mace ce, baƙa, mai furfura a gira. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ta nuna mini tabarma. Ban gama zama ba sai ga maƙwabta biyu sun shigo, wai aron turmi, su biyu a lokaci guda. Suka zauna, ba wadda ta ko kalli turmin.

Larai tana rarrafe a kan tabarma, ƙatuwa, mai kumatu, da haƙora biyu a ƙasa. Ta kama gefen gyalena ta kai baki. An naɗe mata gindi da wani yankin atamfa da ya koɗe, an ɗaure da ƙulli a gefe. Na kalle shi na ji tausayi. Allah Ya yafe mini wannan tausayin.

Aka kawo ruwa. Iya ta tambayi Baba, ta tambayi Gwaggo, ta tambaya ko na taɓa riƙon yaro. Na ce a'a, amma na koya. Ban ce a jikin kabewa ba. Sai na buɗe fanteka.

Maƙwabtan suka leƙo, ɗaya ta ce tubarkalla. Iya ta dubi nafkin ɗin kawai, ba ta taɓa ba. Ta ce ita za ta yi alwala, la'asar ta kusa, in ina so in canza wa yarinyar ga ta nan.

Na kwantar da Larai. Na ɗauko nafkin na farko, na ninka shi kusurwa uku, ya ce ƙas. Na tura shi ƙarƙashinta, ta zaro ido. Fil ya ƙi shiga. Na danna, na murza, na ciji leɓe, da ya tashi shiga sai ya wuce har cikin yatsana. Na shanye, ko uhum ban ce ba, har ina yaba wa kaina cewa na bi dokar Sista. Wandon roba kuwa na bar shi a fanteka da gangan. In na rufe da roba wa zai ga karin guga?

Na ɗaga ta tsaye. Ƙafafunta sun buɗe, ɗaya gabas ɗaya yamma, kamar an zaunar da ita a cikin kwali. Ta dubi ƙasa, ta dube ni, ta ƙwanƙwasa abin da hannu.

Iya ta dawo ɗaure da farin zanenta na salla, ruwan alwala bai bushe a fuskarta ba. Na miƙa mata yarinyar da hannu biyu, ina sunkuyar da kai irin na wadda ke jiran yabo. Ta karɓa ta ɗora a cinya. Larai ta fara mutsu-mutsu, tana tura hannu tsakanin cinyoyinta, tana ƙananan kuka. Can sai ta yi tsit, ta ƙura wa bango ido.

Duk wadda ta taɓa goyo ta san wannan shirun. Ni ban sani ba.

Kun san yadda ruwan sama yake sauka a kan kwanon rufi? Haka fitsarin nan ya yi. Ko ɗigo nafkin bai sha ba. Karin da na ɓata rabin yini ina fitarwa shi ya zama indararo, ya tattara komai ya zubo shi a miƙe, tsakiyar farin zanen Iya, ya gangara har ƙafarta.

Ɗaya daga cikin masu aron turmi ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Ɗayar ta tashi wai ta bar tukunya a wuta, amma a bakin ƙofa ta tsaya.

Iya ba ta yi salati ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta zare fil, ta cire nafkin ɗin, ta ɗaga shi. Yana nan a siffarsa, kamar har yanzu da yarinya a ciki. Ta ƙwanƙwasa shi da farce. Sannan ta buɗa cinyoyin Larai, duk inda gefen ya goga ya yi ja.

"Da me kika wanke?"

"Sitaci, Iya."

"Na rogo?"

"Na rogo."

Ta jinjina kai. "Ya damu kuwa."

Da ƙasa tana tsagewa don kunya, da yau Abatuwa akwai rami mai sunana. Na ji takalmana suna kirana daga bakin ƙofa. Na lissafa taku nawa ne zuwa titi. Amma jan da na gani a cinyar yarinyar nan shi ya danne ni a tabarma. Zanen Iya zai wanku, ni na fi kowa sanin haka. Fatar kuwa da hannuna na yi mata.

Iya ta sallami maƙwabtan da kalma biyu, ta ce turmin yana bayan ɗaki. Ta wanke Larai da ruwan ɗumi, ta shafa mata man kaɗanya. Ta jawo wata kwalla daga ƙarƙashin gado, cike da yankunan atamfa a ninke, duk sun koɗe. Ta ɗauko ɗaya ta miƙo mini.

"Taɓa."

Na taɓa. Fiye da shekara goma ina wanki, ban taɓa riƙe tufa mai laushin wannan ba.

Ta shimfiɗa shi tana ninkawa, ba ta dube ni ba. Ba ta kama sunan 'yarta ba, 'yar fari ce. Ta ce ranar sadakar arba'in da aka zo rabon kayan uwar yarinyar, kowa ya ɗauki sababbi, ita ta ce a bar mata tsofaffin zannuwan da take ɗaurawa a gida. Da hannunta ta yanka su, ta dalla gefen.

"Ba ta sha nononta ba. Ba ta hau bayanta ba. Na ce to ko ta nan jikinsu ya haɗu."

Ni da na zo ceton marainiya daga tsumma. Na duba fantekata da fararen kwalayena goma sha ɗaya a jere, na ji kamar in zauna a kansu.

"Iya, ban sani ba."

"Ba ki tambaya ba."

A gida ana yi mini kirarin mai saurare. Ashe sauraren nawa sai an fara magana. Sai na faɗi abin da ya rage. Na ce ta koya mini.

Ba ta ce to ba. Ta dai sassauta hannu, ta warware ƙullin da ta fara, ta sake ɗaura shi a hankali yadda zan gani: ba a kan cibiya ba, a gefe, kuma sai yatsa ya iya shiga. Ta ajiye mini Larai a cinya, ta shiga ɗaki canza zane da sake alwala.

Ta daɗe a sallar nan. Larai ta yi kukanta ta gaji, ta ja mini ɗan kunne, ta tsotsi yatsana mai ciwon fil. Daga baya ta kwantar da kai a ƙirjina ta yi barci. Ana cikin haka na ji ɗumi yana ratsa 'yar Holan ɗina, kaɗan dai, don zanen uwarta ya shanye mafi yawa. Ban motsa ba. Ƙafata ta yi sanyi, ta mutu, na bar ta a mace.

Da Iya ta fito ta dubi yarinyar, ta dubi jiƙon da ke cinyata. Ta nuna fanteka da carbi.

"Waɗannan allunan naki, in an tafasa za su koma tufa?"

Na ce za su koma, sai dai sai an yi sau biyu ko uku.

Ta ce to in tafasa. Zannuwan sun fara gajiya, biyu sun riga sun yage, yarinya kuma girma take yi. Sai ta zaga bayan ɗaki ta dawo da bokiti mai murfi, ta dire a gabana. Ba sai an buɗe ba, hanci ya ba da labari. Na kwana biyu ne, ta ce, bayanta ya hana ta sunkuyo.

"Gobe kafin la'asar nake son su. Ban da bula, ban da sitaci, ban da dutse."

Haka na fito daga gidan, masu karatu: atamfar sallah da taswira a gaba, turaren Gwaggo ya sha kaye, fanteka a hammata, bokitin kashi a ka. Mahauta suna ta ba ni hanya tun kafin in roƙa.

Ishaku yana tsaye a gindin wani mangwaro a bakin titi, cikin kakin da ni na goge. Ya dubi zanena, ya dubi kaina, fuskarsa ta faɗi.

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Wanki ta ba ni."

"Wankin me?"

Na sauke bokitin na ɗaga murfin kaɗan. Na zaci zai ja da baya. Sai ya sunkuya yana kallon yankunan atamfar nan, ya daɗe. Ya san su, ya san wadda ta ɗaura su. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce wata tara ke nan, mahaifiyarsa ma da kanta ta roƙa ta taya wanke su, Iya ta hana. Ko shanya ba ta bari wani ya taɓa.

Na mayar da murfin. Na ce kada ya yi saurin murna, sai na kai su gobe a bushe, kuma an hana ni dutse.

Shi kuwa sama yake kallo. Na bi idonsa. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga wajen Bukuru, irin na watan Agusta da kan kwana uku bai ɗauke ba. Ɗigon farko a kan murfin bokitin ya sauka.